Idan Rimot Ya Ƙi Tayar da Mota

 Barka ga mutanen Zungeru da Wushishi, barka ga na Tegina da na Minna, da direban da yake jin shirin nan yana riƙe da sitiyari. Yau maganar mota ce, maganar ɗan rimot ɗin nan da ake dannawa daga nesa, mota ta tashi da kanta.

Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ke zirga-zirga tsakanin Zungeru da Minna tokumbo ne. Sun yi shekaru a Amurka ko Kanada, aka lodo su a jirgin ruwa, suka sauka a Apapa ko Tin Can a Legas, ko a Kwatano. Wasunsu sun zo da wata na'ura da mai saye bai ma nema ba. Mutum yana zaune a ɗaki sai ya danna maɓalli, motar da ke waje ta tashi, ƙofofinta a kulle, babu kowa a ciki.

Ranar da ta yi aiki, abin sha'awa. Ranar da ta ƙi, sai hankali ya tashi, a garzaya gareji, a fara yanke wayoyi. Abin da shirin yau yake so ya hana ke nan. A riƙe magana ɗaya tun daga farko: sau da yawa na'urar ba ta lalace ba. Ƙin tashi take yi, kuma da dalilinta. Sai a nemi dalilin, a fara daga abu mai araha kafin a kai ga mai tsada. Kada a yanke waya kafin a san dalili.

Kashi na farko: wace irin na'ura ce, kuma daga ina ta fito?

Don sanyi aka yi ta. A birnin Winnipeg na Kanada, a watan Janairu, sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, har ya zarce. Gilashin mota ya daskare, kujera ba ta zaunuwa. Sai mutum ya tayar da motarsa yana cikin gida, ta ɗumama kafin ya fito. A Zungeru kuwa akasin haka ake nema. A watan Maris da Afrilu zafi kan doshi digiri 40. Zafin garin nan ba sabon labari ba ne. Yana cikin abin da Turawan mulki suka yi ta kuka da shi bayan sun mai da Zungeru hedikwatar Arewa a 1902, har suka tattara suka koma Kaduna. Motar da ta yini a rana, cikinta kan wuce digiri 60. Saboda haka malamin kwalejin kimiyya da fasaha, wato Poli, da ya fito daga aji da ƙarfe biyu na rana, burinsa ya tarar esi ya riga ya huce masa kujera.

Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda kamfanin motar ya haɗa tun daga masana'anta. General Motors ne ya fara, a Chevrolet Malibu ta 2004, sauran suka biyo baya. Akwai kuma wadda mai motar na farko ya je wani shago aka ƙara masa, irin su Viper da Compustar. Ganewar ba wuya. Idan makulli ya zo da rimot na biyu yana reto, mai suna daban da na motar, ta ƙari ce. A kuma dubi saman gilashin gaba, bayan madubi. Idan akwai ɗan ƙaramin abu baƙi a manne, da siririyar waya ta shige rufi, eriyarta ce. Ta kamfani kuwa maɓallinta yana jikin makullin motar, galibi da hoton kibiya mai zagaye.

Ko wace iri ce, aikinta kamar na maigadi mai amana ne, wanda ba ya buɗe ƙofa sai ya tabbatar da komai. Kafin ta taɓa kik, sai ta bincika. Giya tana fakin? Bonet a rufe? Ba a taka birki ba? Ƙofofi a kulle? Batir yana da ƙarfi? Idan amsa ɗaya ta zo ba daidai ba, sai ta ƙi. Wannan ƙin ba lalacewa ba ne. Aikin da aka yi ta dominsa ke nan.

Sai kashi na biyu: abin da ke hannu, wato rimot ɗin kansa.

A fara da yadda ake dannawa, domin kowane kamfani da tsarinsa. A Honda ana danna maɓallin kullewa, sannan a danna na kibiyar a riƙe. A Ford, a kulle, sannan a danna kibiyar sau biyu. A Toyota masu wannan tsari da yawa babu ma maɓalli na daban. Maɓallin kullewa ake dannawa sau biyu a jere, a na uku a riƙe shi kamar daƙiƙa uku. Mutum zai iya shekaru da mota bai san tana da shi ba. Wani kuma zai yi ta danna kuskure, ya ce abu ya mutu.

Idan dannawar daidai ce amma mota shiru, ko fitila ɗaya ba ta ƙyafta ba, to a tuhumi batirin rimot. Ɗan ƙaramin batir ne mai kama da kwabo, bolt 3 ne ƙarfinsa. Wanda aka fi gani shi ne CR2032, amma akwai CR2025 da CR1632 da sauransu. Lambar tana rubuce a jikinsa. A buɗe rimot, a karanta, a sayi irinsa sak. Yakan yi shekara biyu zuwa uku. Alamar ƙarewarsa kuwa sananniya ce. Da, daga cikin masallaci ake dannawa mota ta amsa. Yanzu sai an zo gab da ita. Tayar da mota daga nesa shi yake fara ɗaukewa, ko da buɗe ƙofa yana yi idan an matso kusa. In akwai rimot na ajiya a gida, a gwada shi. Idan shi ya yi aiki, magana ta ƙare, laifin na farkon ne.

Iyaye mata da ke saurare, ga wata magana ta musamman. Tsohon batirin nan kada a yar da shi a tsakar gida. Yana ƙyalli, yaro yana ganinsa zai kai baki. Idan ya maƙale a maƙoshi, cikin awa biyu yana iya ƙona nama. Yaron da ya haɗiye shi, asibiti nan take, ba a jira a ga abin da zai faru.

Wanda rimot ɗinsa ya ɓace, ya aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas a sayo masa wani, ya kula. Kama a ido ba ta isa ba. Motocin Amurka da yawa suna magana da rimot ɗinsu a kan mita 315 ne, na Turai kuma a kan 433, kamar dai tashoshin rediyo biyu. Rimot ɗin Camry ta Turai ba zai yi wa Camry ta Amurka ba, ko da fuskarsu ɗaya. A bayan rimot akwai lamba, ita ake bi. Kuma sabon rimot sai an haɗa shi da motar ta kwamfuta.

Daga ƙaramin batir sai babba. Batirin mota mai lafiya, idan mota ta kwana a kashe, mita takan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Idan ta nuna 12.2, rabin caji ne ya rage. Idan inji yana aiki kuma, ya kamata a ga tsakanin 13.7 da 14.7, shaidar altanato yana caji. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, batir mai rauni yana iya tayar da mota da makulli, amma na'urar nesa ta ƙi amincewa da shi. Sai mai mota ya ce, ai batirina lafiya lau, da safe ma na tayar. A auna dai. A dubi kan batir ɗin kuma. Idan farin gari ya taru, ko kan yana motsi a hannu, a goge, a ɗaure. Zafi irin namu yana cin batir fiye da yadda ake zato.

A maimaita, don wanda yanzu ya buɗe rediyonsa: yadda ake dannawa, batirin rimot, batirin mota. Waɗannan uku ba sa buƙatar a taɓa waya ko ɗaya.

Kashi na uku, kuma a nan shirin zai ɗan daɗe: mota ta ji kira, fitilu sun ƙyafta, amma inji bai motsa ba.

Wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin rimot lafiya, eriya lafiya. Na'urar ta ji, ta ƙi. Kuma na ƙari da yawa suna faɗin dalili da ƙyaftawar fitilun fakin. A tsaya a gaban mota, a danna, a ƙirga. A yawancin Viper da Compustar, ƙyaftawa biyar na nufin na'urar tana ganin an taka birki. Shida na nufin tana ganin bonet a buɗe. Compustar takan fara da ƙyaftawa uku, ta ɗan tsaya, sannan ta ba da ainihin lissafin. Kowane samfuri da littafinsa, kuma ana samunsa a intanet idan an rubuta lambar da ke jikin rimot. Amma ko ba littafi, a riƙe adadin a kai wa mai gyara. Rabin aikinsa an yi masa.

A cikin duk dalilan nan, na bonet ya fi yawa a ƙasarmu. A gefen ɗakin inji akwai wani ɗan maɓalli mai sifirin, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Idan an rufe bonet sai ya danne shi, na'ura ta san a rufe yake. To ku duba abin da yake sha a nan. Ƙurar hunturu ta shiga ta cushe shi. Damina ta zo, tsatsa ta kama. Masu wankin mota su buɗe bonet su feshe inji da ruwa mai ƙarfi. Ramukan hanya su yi ta jijjiga shi har ƙarfen da ya riƙe shi ya lanƙwashe, bonet ya daina kai masa. Daga nan na'urar za ta ɗauka kullum bonet a buɗe yake.

Gyaransa ƙaramin abu ne. A goge, a fesa masa man cire tsatsa, a miƙe ƙarfen, ko a sa sabo. Amma ga yadda maganar takan kasance a gareji. Mai gyara ya leƙa, ya ce, "Alhaji, wannan ɗan abin ne yake hana ta. A cire wayarsa kawai, yanzu za ta tashi." Gaskiya ya faɗa, za ta tashi. Sai dai daga ranar na'urar ba za ta ƙara sanin an buɗe bonet ba. Wata rana yaron makanike ya zura hannu kusa da fanka ko bel. Rimot yana aljihun mai mota, ya zauna a benci ya danne shi bai sani ba. Ko yana hannun ƙaramin yaro yana wasa. Inji ya tashi. Don yatsun yaron nan aka sa maɓallin. Amsar da ta dace ita ce, "A'a Malam, bar min wayar. Sa min sabo, ko nawa ne." Kada a cire maɓallin bonet. A sake faɗa: kada a cire maɓallin bonet.

Na birki kuma sauƙin ganewa gare shi. A sa wani ya tsaya a baya. Idan fitilar birki tana ci ba a taka ba, ko an taka ba ta kawo ba, to ɗan maɓallin da ke saman fedar birki ne, ko fiyus.

Sai fitilar cek injin, ruwan ɗorawar nan mai hoton inji a dashbod. A motoci da yawa masu na'urar kamfani, irin su Chevrolet da Ford da Jeep, muddin wannan fitila tana ci, tayarwa daga nesa ta tsaya. Hikimar a fili take. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira burenbos, ta ga matsala a inji, ba za ta bari ya yi aiki babu kowa a kujera ba.

To a nan ne halinmu yake kama mu. Mota nawa ce take yawo da wannan fitila shekara da shekaru? An cire mata indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ko an sace ta tun a hanya. An cire tamostat, wai don kada inji ya yi zafi. Duk waɗannan suna iya kunna fitilar. Wani lokaci ma murfin tankin mai ne kawai ba a ɗaure da kyau ba a gidan mai. Mafi muni shi ne wanda zai cire ƙwan fitilar, ko ya rufe ta da baƙin salatif kafin ya sayar da mota. Ido ba ya gani, amma burenbos ya sani. Gwajin mai sauƙi ne. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Duk fitilun dashbod za su kawo na ɗan lokaci. Idan ta cek injin ba ta cikinsu, wataƙila an taɓa ta.

Maganinta sikana. Duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake jona na'urar, ta karanto lambar ciwon. Idan babu mai ita a kusa, Minna kimanin kilomita 60 ce. Sai dai goge lamba ba gyara ba ne. Idan an goge ba a gyara ba, bayan 'yan kwanaki fitila za ta dawo, na'ura ta sake ƙi.

Wasu motocin kuma ba sa tashi daga nesa idan fitilar ƙarewar mai ta kama, ko but bai rufu ba, ko an bar fitilun haɗari suna ci.

Akwai wani dalili guda da yake ba mutane wahala a banza. Na'urorin ƙari suna da wani yanayi da ake kira balet, wato a sa na'urar barci idan za a bar mota a hannun wani. A cikinsa ƙofa tana buɗewa tana kullewa, amma tayarwa ba ta yi. A wasu rimot ɗin, danna maɓalli biyu lokaci guda ne yake sa shi, abin da kan faru a aljihun kaftani ba da niyya ba. A wasu kuma ɗan makunni ne a ƙarƙashin dashbod, gwiwar direba ko tsumman mai wanki ya ture shi. Alamarsa a Compustar: ana kulle mota amma fitilun fakin ba sa ƙyaftawa kamar da. Fitar da ita daga barcin aikin daƙiƙa biyar ne.

Kashi na huɗu: ta tashi, sai ta mutu.

A fara ware abin da ba ciwo ba ne. Kusan duk na'urorin nan suna kashe inji da kansu bayan kimanin minti 10 zuwa 15. Na kamfani da yawa sau biyu kawai suke yarda a jere, sai an shiga an tayar da hannu lissafi ya koma farko. Toyota da Lexus da yawa kuma, da zarar an buɗe ƙofa sai inji ya mutu. Haka kamfanin ya tsara, don kada wani ya shige ya ja mota. Haka nan idan aka taka birki makulli ba ya ciki. Masu neman tayarwa ta manhajar waya su ma su huta. Wannan tsari ya dogara da layin sadarwa da rajista na can ƙasar da aka sayar da motar. Tsofaffin ma da ke kan 3G, ko a Amurka sun daina aiki tun da aka rufe layin a 2022. Idan kuma mota ta tashi amma esi bai kawo ba, a na'urar ƙari sai an bar shi a kunne kafin a kashe mota.

Ciwon gaske shi ne inji ya kama, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, ya mutu, ya sake gwadawa, ya mutu. Abu biyu ake zargi. Na ɗaya, na'urar ba ta jin bugun inji. Tana da hanyar sanin inji ya kama don ta saki kik. Idan wayar ta saki, ko na'urar ta manta saitinta bayan wani aiki da aka yi a motar, sai a sake koya mata yadda injin yake juyawa a silo, wato yana aiki mota tana tsaye. Na biyu, tsaron makulli. A kan makullin motocin zamani akwai ɗan ƙwayar lantarki da burenbos yake tantancewa kafin ya saki mai. Kanada ta wajabta wannan tsaro a kan sababbin motoci tun 2007. Tunda babu makulli a ciki lokacin tayarwa daga nesa, sai an sa wani ɗan akwati da zai tsaya a madadinsa. Idan akwatin nan ya rikice, kik zai juya amma inji ba zai zauna ba. Wannan kam aikin gwani ne, ba na gida ba.

Kashi na biyar. Masu sauraro, a ɗan ƙara murya, domin wannan maganar rai ce.

Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai take hallaka iyali guda idan aka kwana da janareta a cikin gida, kuma kowa ya sha jin irin wannan labari. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu a Amurka tun daga 2006, saboda motoci masu tashi da maɓalli da aka bari suna aiki a garejin gida ba a sani ba. A can ke nan, inda matatar hayaƙi take a jikin mota. Motar da aka cire wa indomi gubarta ta ninka.

Saboda haka ba a tayar da mota daga nesa idan tana cikin rufaffen gareji ko zaure. Ba a tayarwa idan salansa tana kallon tagar ɗaki. Ba a tayarwa idan ba a san inda yara suke ba. Wanda ya shaƙa zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. A fitar da shi sarari nan da nan, a kashe mota, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Mai motar giyar hannu kuma ya ninka hattara. Motar da aka bari a giya, aka tayar daga nesa, za ta zabura gaba. Na'urorin kirki suna da matakai kafin su yarda: giya a firi, hambirki a ja, direba ya fita inji yana aiki, ya kulle, sannan ta kashe da kanta. Duk wanda ya ce zai tsallake maka matakan nan don sauƙi, ka bar garejinsa.

Ga kuma aljihu. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kowa ya san darajar lita. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ce inji mai lita 3 yana shan kusan mililita 300 a kowane minti 10 na silo. Mai yin haka sau biyu a rana, lita 18 ke nan a wata, mota ba ta je ko'ina ba. Minti uku zuwa biyar sun isa. Idan an shiga, a sauke gilasai a fara tafiya, zafin ya fice, sannan a rufe. Injin zamani ba ya buƙatar doguwar ɗumamar safe irin ta motocin da.

Kashi na ƙarshe: a gareji.

Idan duk abin da aka ambata bai warware ba, sai rewaya. A zaɓi wanda zai fara ɗauko mita da sikana kafin ya ɗauko filaya. A gaya masa abin da aka gani daki-daki: fitila ta ƙyafta sau kaza, kik ya juya ko bai juya ba, abin ya fara ne bayan an canza batir, ko an wanke inji, ko an canza gilashin gaba. Wannan na ƙarshen yana faruwa sosai. A sa sabon gilashi, a manta a mayar da wayar eriya. Wani lokaci kuma rana ce take narkar da gam, eriya ta faɗo ta shige bayan dashbod.

Idan ya buɗe ƙarƙashin sitiyari, mai mota ya leƙa da idonsa. Zai ga ɗan akwati baƙi da tarin wayoyi an ɗaure da roba. A dubi mahaɗan. Inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin, salatif ya warware, tagulla tana waje. Wannan ba tayarwa kawai yake hanawa ba, gobara yake jawowa. Gyaran kirki shi ne a liƙe da dalma a rufe da kyau. A duba cizon ɓera, musamman ga mai ajiye mota kusa da rumbu ko buhunan shinkafa. Idan kuma aka ga kore-kore a bakin soket da busasshiyar laka a lungu, motar ta taɓa nutsewa. Bayan ambaliyar guguwar Harvey a Texas a 2017, ɗaruruwan dubban motoci ruwa ya ci, kuma irinsu gwanjo ake yi su watsu a duniya.

Wani ƙorafin shi ne batir yana mutuwa idan mota ta kwana biyu ba a tayar ba. Nan ma ba a yanke hukunci da ka. A kashe komai, a kulle, a jira kamar rabin awa motar ta yi barci, sannan a auna wutar da take ja. Idan ta wuce miliam 50 da yawa, akwai mai sha a ɓoye. Sai a zare soket ɗin na'urar. Idan lissafi ya faɗo, ita ce. Idan bai faɗo ba, a wanke ta, a nemi ɓarawon a wani wuri.

Wani zai ce shi ba ya ma sonta, a cire masa gaba ɗaya. Babu laifi, kuma ga tsohuwar na'urar da rimot ɗinta ya ɓace, hakan ya fi. Amma cirewa ma aiki ne. A wasu haɗe-haɗen an yanke wayar kik ta asali gida biyu, aka bi da ita ta cikin na'urar. Idan aka fizge akwatin ba a mayar da wayar nan ba, ko da makulli mota ba za ta tashi ba. A bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, a mayar da kowace mazauninta, a gwada kik da fitilu da makullan ƙofa kafin a biya kuɗi.

Sannan a karɓi duk akwatin da aka cire, a buɗe a gaban mai gyara. A tsofaffin haɗi, hanyar da ake bi a shawo kan tsaron makulli ita ce a ɗauki makullin motar na gaske, ko ƙwayar da ke kansa, a rufe a ƙaramin akwati a ɓoye a bayan dashbod. Wato motar ta yi shekaru tana yawo da makullinta a cikinta. Idan an same shi, mai mota ya sa a aljihu ya tafi da shi gida, kada a bar shi a kwandon gareji.

A nan shirin zai dakata. A huta lafiya.